An ɗauke shi aikin jifa, an kore shi don ya yi jifa: wa zai warware mini dokar kurket?

Ɗan_Katako:
Salamu alaikum ƴan fada. Na san balo da kokowa muka saba tattaunawa a nan, amma yau ku yi mini haƙuri. Shagon kayan wutar da nake aiki a nan Yamai, maigidana Ba'indiye ne, kuma in aka fara wasan nan na kurket a tele ko mai saye ya shigo sai ya yi sallama sau uku. Jiya wani abokinsa ɗan Pakistan ya zo, suka shafe fiye da awa guda suna gardama a kan wani ɗan wasa wai shi Saeed Ajmal, har shayin da na kawo musu ya huce. Da na tambaya, sai suka ce mini an taɓa dakatar da shi ne saboda yana JIFAN ƙwallo. To jama'a, ni da idona na ga aikin irin waɗannan mutanen: ya rugo, ya jefa wa mai riƙe da katako ƙwallo. An ɗauke ka aikin jifa, sannan a kore ka don ka yi jifa? Ai kamar a kori mahauci ne don ya taɓa nama. Wanda ya sani ya fitar da ni duhu.

Barça_Har_Abada:
Kurket kuma? Ɗan_Katako, zafin Yamai ne ya taɓa ka ko kuwa zama da Ba'indiye? 😂

Na_Lahor:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Shekara huɗu na yi karatu a Lahor ta Pakistan, can ko lungu ka shiga sai ka tarar da yara sun jera bulo uku suna bugawa. Matsalar daga bakinmu take. Mu duk abin da ya bar hannu ya tashi, jifa muke ce masa. Su kuwa abu biyu ne daban a wajensu.

Tashi tsaye ka gwada. Ɗauki dutse kamar za ka kori akuya daga bakin shago. Za ka ga ka lanƙwasa gwiwar hannu, sannan ka miƙe ta da ƙarfi, dutsen ya fita. To wannan shi ne jifan da aka hana. Wanda aka yarda da shi, hannu ne yake zagayowa daga baya ta saman kai, kafaɗa ke yin aikin, gwiwar hannu ba ta buɗewa. Ni wulwulawa nake kiransa. Dokar cewa ta yi: daga lokacin da hannu ya kawo daidai kafaɗa har ƙwallon ta fita, kada gwiwar hannu ta miƙe, ko duka ko kaɗan. Wuyan hannu da yatsu kam, murza su yadda ka ga dama. Ka lura, ba a ce dole hannu ya zama a miƙe sambal ba. Kana iya zuwa da shi a lanƙwashe, amma ka sake ta a yadda ka zo.

Baba_Na_Adar:
Ashe majaujawa ce. Mu da munka yi tsaron tsuntsaye cikin dawa muna yara mun san ta. Igiya ba ta da gwiwa, wulwula ta kaka yi ka saki. To hannun nasu sunka maida igiya ke nan.

Na_Lahor:
Baba, Allah ya ƙara girma. Shekara huɗu ina neman misalin nan ban samu ba, kai ka kawo shi a layi biyu.

Ɗan_Katako:
Na fara gani. Amma in ya lanƙwasa ya miƙe, wa ya cuta? Ba dai ƙwallon ta isa wurin mai bugu ba?

Malam_Lissafi:
Bari in sa baki da abin da na iya. Tsakanin sanduna ukun da mai bugu yake karewa da na ɗaya gefen mita 20 ne da ɗan ɗoriya. Ƙwallon nauyinta wajen giram 160, fata ce aka ɗinke a kan dunƙulen abu mai tauri, ba irin ta tanis ba. Masu ƙarfin cikinsu suna sakinta da gudun kilomita 150 a awa. Ku raba ku gani: ƙasa da rabin sakan ta iso. Cikin wannan ɗan lokacin mai bugu zai gane inda za ta dira, inda za ta karkata, ya kai katako. Abin da ke taimakonsa shi ne yana karanta hannun tun yana zagayowa. In mutum ya ƙara da fizgar gwiwar hannu a ƙarshe, ya samu ƙarin gudu da ƙarin murɗawa a ɓagas, kuma ƙwallon ta fito a lokacin da ba a zata ba.

Na_Lahor:
Kuma ba maganar maki kawai ba ce, har da rai. A 1962, a Barbados, ƙwallon Charlie Griffith ta fasa kan kyaftin ɗin Indiya, Nari Contractor, sai da aka yi masa aiki a ƙoƙon kai, bai sake buga wa ƙasarsa babban wasa ba. A wannan wasan kuma alƙali ya kama Griffith da laifin jifa. Lokacin ba a sa hular kwano.

Shi kuwa Ajmal da ka tambaya, ba mai ƙarfi ba ne, mai murzawa ne: ƙwallonsa a hankali take zuwa, amma in ta dira ƙasa sai ta sauya hanya. A 2014 shi ne na ɗaya a duniya cikin masu wulwulawa a wasannin yini guda. A watan Agusta alƙalai suka kai rahotonsa bayan wani wasa a Galle ta Siri Lanka, aka kai shi Brisbane ta Ostareliya aka auna, aka ga gwiwar hannunsa tana buɗewa wajen digiri 40, alhali iyaka 15 ce. A Satumba hukumar kurket ta duniya, ICC, ta dakatar da shi. Ya gyara salo, an wanke shi a farkon 2015, amma ƙwallonsa ta daina cizo. Daga nan tauraronsa ya dusashe. Shi ya sa abokin maigidanka yake jin zafi.

Tsohon_Albitir:
Dakata, ɗan'uwa. Yanzu-yanzu ka ce doka ta ce kada ta miƙe ko kaɗan. Ga shi kuma kana cewa iyaka 15. Wanne za mu ɗauka? Ni shekara goma sha na yi ina busa usur a wasannin unguwa, ban taɓa jin dokar da ta ce an hana sata amma ana iya ɗaukar dala goma sha biyar ba.

Barça_Har_Abada:
Albitir ya shigo, yanzu za a fara ba da jan kati.

Malam_Lissafi:
Don waɗanda digiri bai zauna musu ba: ku dubi agogon bango. Gajeren hannun nan na awa, tafiyar da yake yi cikin rabin awa ita ce digiri 15. Ta Ajmal kuwa ta wuce tafiyar awa guda da kwata.

Na_Lahor:
Alhaji Albitir, tambayarka ita ce ainihin rigimar, kuma ba a gane ta sai an bi ta kan mutum guda: Muttiah Muralitharan na Siri Lanka, Murali a taƙaice. Ran 26 ga Disamba 1995, a babban filin Melbourne, alƙali Darrell Hair ya kama shi da jifa sau bakwai cikin zubi uku (zubi guda ƙwallo shida ne). Kyaftin ɗinsa, Arjuna Ranatunga, ya mayar da shi ɗaya gefen inda wani alƙalin yake tsaye, shi kuma bai ce uffan ba. Hannu ɗaya, rana ɗaya, alƙalai biyu, hukunci biyu. Bayan ƴan kwanaki wani alƙalin Ostareliya, Ross Emerson, ya sake kama shi a Brisbane. A 1999 Emerson ɗin ya kuma a Adelaide, Ranatunga ya nuna shi da yatsa, ya kwashi ƴan wasansa zuwa bakin fili, sai da aka yi ta buga waya kafin a ci gaba.

Aka yi ta auna Murali, a Perth da Hong Kong, aka ce hannunsa tun haihuwa ba ya miƙewa duka. Zuwa 2004 iyakar kashi uku ce: digiri 5 ga masu murzawa, 7.5 ga matsakaita, 10 ga masu ƙarfi. A 2004 aka sake kai rahotonsa a kan wata ƙwallo da ake kira doosra, wato "ta biyun" da Urdu, wadda Saqlain Mushtaq na Pakistan ya fito da ita: ka nuna za ta karkata dama, ta yi hagu. Aka auna, ta ba da digiri 14. Sai aka hana shi ita. Amma a shekarar ne hukumar ta kafa kyamarori masu saurin ɗauka a wata gasa a Ingila, ta kuma duba tsofaffin hotuna. Abin da ya fito ya ba kowa kunya: kusan duk masu wulwulawa suna miƙe gwiwar hannu, har irin su Glenn McGrath na Ostareliya da Shaun Pollock na Afirka ta Kudu da ake koya wa yara salonsu. Mutum ɗaya aka ambata wanda bai yi ba, Ramnaresh Sarwan, shi kuma asalinsa mai bugu ne. Daga 1 ga Maris 2005 aka mayar da iyaka 15 ga kowa, a kan hujjar cewa daga nan ne ido yake fara ganin abin.

Tsohon_Albitir:
Na gode da tarihi, amma ka ƙara mini ƙarfi ne. An auna mutum ya ba da 14, bayan ƴan watanni aka ce doka ta koma 15. Ba 12 ba, ba 13 ba. Tela ya auna mutum ya ɗinka masa riga, ku ce mini daidaituwa ce?

Hadiza_Kine:
Salamu alaikum. Ni aikina gashin ƙashi da motsa jiki, kurket kuma sai dai in gilma in gani, amma gwiwar hannu kam kullum tana hannuna. Baba Albitir, abu uku nake so ka duba.

Akwai mutanen da hannunsu ba ya miƙewa duka, ko daga haihuwa ko bayan karaya da ta haɗe ba daidai ba. Muna ganinsu sosai, musamman yaran da aka yi wa ɗori a gida. Akwai kuma waɗanda nasu yake wuce miƙewa ya lanƙwashe ta baya, mata sun fi yawa a nan. Sannan kowa in ya saki hannu ya buɗe tafi gaba, zai ga daga gwiwa zuwa ƙasa ya ɗan karkace waje, kuma karkatar ta wani ta fi ta wani. To ka ɗauki mai lanƙwasasshen hannu, ya juya kafaɗa da sauri. Daga inda kake tsaye za ka rantse hannun ya miƙe, alhali juyawa kawai ya yi. Gwada da cokali mai lanƙwasa: riƙe shi a gabanka ka murza a hankali, wani lokaci za ka gan shi a miƙe.

Abu na ƙarshe, jiki ba ƙarfe ba ne. In ka wulwula hannu da irin wannan ƙarfin, gaɓa dole ta ɗan motsa ko ba ka so. Dokar da ta ce "ko kaɗan" an rubuta ta ne lokacin da ba abin aunawa sai ido.

Tsohon_Albitir:
Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, bayaninki ya shiga. Amma Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, ya san ƙima.

Hadiza_Kine:
Haka ne Baba, amma in mudun ya iso kasuwa, da ido za a ci gaba da awo?

Gimbiyar_Bukoki:
Hadiza 👏👏 yau dai an samu mai maganin Albitir.

Na_Lahor:
Ƙarin bayani a kan abin da Hadiza ta faɗa. Wannan wuce-miƙewar ta baya ba a lissafa ta cikin digiri 15. Shi ya sa Shoaib Akhtar, wanda ya saki ƙwallo da gudun kilomita 161.3 a Cape Town a 2003, ya tsira duk da rahotannin da aka kai a kansa. Shi kuma Murali, a 2004 ya yarda aka ɗaure masa hannu cikin wani abu mai sandunan ƙarfe yadda gwiwar ba za ta motsa ba, ya yi wulwulawa a gaban kyamarar tele a Ingila, ƙwallon ta murɗa, kuma a ido har lokacin kamar jifa yake yi. Ya yi ritaya a 2010 bayan ya fitar da masu bugu sau 800 cif a wasannin kwana biyar, ba wanda ya kai shi. Shane Warne na biye da 708.

Sani_Dubai:
Ni ban yarda da gwajin nan na ɗaki ba. Ina zuwa Dubai sarin kaya, na sha kallon wasa da ƴan Pakistan da ƴan Bangladash a masauki, su kansu suna faɗa. An kai ka ɗaki mai sanyi, an cire maka riga, an manna maka ƴan ƙwallaye masu ƙyalli a jiki, ka san yau ce ranar hisabi. Wa zai yi jifa a nan? Ko ɗalibi in mai duba makarantu ya zo ai tsit yake yi. A fili, an yi maka dukan kawo wuƙa, rana ta take, kana neman mafita, can ne hannu yake faɗin gaskiya. Kuma ku lura da masu sa riga mai dogon hannu cikin zafin da ya kai na Yamai a watan Afrilu.

Na_Lahor:
Alhaji Sani, suna da hoton wasan da aka kai rahoto a kansa, kuma dole ka maimaita irin gudun da murɗawar da ka yi a fili, in ba haka ba ba a karɓa. Amma ban ce maganarka ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Yadda abin yake tafiya yanzu: alƙali ba ya cika ɗaga hannu a fili ya kunyata mutum, sai dai ya rubuta rahoto bayan wasa. Cikin kwana 14 a kai ka cibiyar gwaji, akwai a Brisbane, Chennai, Loughborough, Pretoria da Lahor. Ka faɗi, a dakatar da kai har ka gyara. Ka sake faɗuwa cikin shekara biyu, shekara guda ke nan a gida. Haka ta faru da Mohammad Hafeez a 2015.

Tsohon_Albitir:
To ka ji. An ƙwace wa alƙali usur an miƙa wa likitoci. Mutum ya yi jifa yau, ya ci wasa, ya ɗauki kofi, bayan sati uku a ce ashe ya yi laifi. A mayar wa waɗanda aka cuta da kofin?

Barça_Har_Abada:
Daidai VAR ke nan, sai dai tasu tana ɗaukar sati biyu kafin ta zana layi 😂 Kuma Albitir, tsakaninka da Allah, jifan gefe nawa ka bari ya wuce wanda mai jifan ya ɗaga ƙafa?

Tsohon_Albitir:
Yaro, da na busa duka da har yau ba a tashi daga wasan farko ba.

Hadiza_Kine:
Baba ka ga kai ma kana da taka digiri 15 ɗin 😄

Baba_Na_Adar:
Wanga zance duk mun san shi ga kokowa. Ina yaro anka yi takobin farko nan Tawa, 1975, Kantu na Maraɗi yad ɗauka. Tun daga sannan har yau ba a bar gardamar gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba. Mutanen garin wanda anka kayar su ce ba ta taɓa ba, na wancan su rantse sun ga ƙura ta tashi. Duk fili guda suka kallo. Ni abin da na gani, ido shina da gari.

Ɗan_Zongo:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ita ce maganar da kowa yake kewayewa. Wa ya kama Murali? Alƙalan Ostareliya, a Ostareliya. Har firaministansu na lokacin, John Howard, ya fito a 2004 ya ce jifa yake yi, shi ya sa Murali ya ƙi zuwa ƙasar a shekarar. Ajmal ɗan Pakistan, Hafeez ɗan Pakistan, Sunil Narine ɗan Tirinidad, Senanayake ɗan Siri Lanka, Prosper Utseya ɗan Zimbabuwe. Henry Olonga, baƙar fata na farko da ya buga wa Zimbabuwe wasan kwana biyar, a wasansa na farko a 1995 aka kama shi. Laifi tudu ne. Abin da ya yi mini daɗi kawai, wata uku bayan wulaƙancin Melbourne, Siri Lanka ta doke Ostareliya a wasan ƙarshe na kofin duniya, 1996, a Lahor.

Na_Lahor:
Ɗan_Zongo, ka zaɓi waɗanda suka dace da maganarka ka bar saura a aljihu. Ian Meckiff ɗan Ostareliya ne, Bature, kuma alƙalin ƙasarsa Col Egar ne ya kama shi sau huɗu a zubi ɗaya a Brisbane a 1963. Kyaftin Richie Benaud bai sake ba shi ƙwallo ba, daga wannan wasan ya bar kurket. Geoff Griffin na Afirka ta Kudu, shi ma Bature, a filin Lord's na Landan a 1960 ya fitar da mutum uku da ƙwallo uku a jere, a wasan kuma aka kama shi sau 11. Hannunsa ya lanƙwashe ne tun wani haɗari da ya yi yana yaro, daidai irin waɗanda Hadiza ta ce. Yana da shekara 21, bai sake buga wa ƙasarsa irin wannan wasan ba. Da a zamanin awo ya zo, wa ya sani? A 2014 ɗin da aka kama Ajmal, an dakatar da Kane Williamson na Niyu Zilan. Kuma wanda ya fi kowa zagin salon Murali ai Ba'indiye ne, Bishan Bedi, da ya kwatanta shi da mai jifan mashi.

Ɗan_Zongo:
Na ji. Amma Matthew Kuhnemann na Ostareliya da aka kai rahotonsa a 2025, cikin ƴan makonni aka wanke shi tas.

Na_Lahor:
Ai na'urar ce ta wanke shi, ita ɗin da ta wanke Murali. Ba za ka yabe ta a can ka zage ta a nan ba.

Mai_Kabu_Kabu:
Ku yi haƙuri wuta ta ɗauke mana tun azahar, yanzu na samu caji. Wai mu nan Nijar muna da ƴan kurket? Na ji an ce za a yi shi a Olamfik.

Malam_Lissafi:
Za a yi a Los Angeles a 2028, karo na farko tun na Paris a 1900. Maƙwabtanmu na kudu sun yi nisa: ƴan matan Nijeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan a kofin duniya a Maleshiya a Janairun 2025. Amma kafin mu yi zumuɗi mu tuna Kodibuwa. A Nuwamba 2024 a Legas, Nijeriya ta yi maki 271, su duka ƙungiyarsu ta tashi da 7.

Barça_Har_Abada:
Bakwai??? Mutum goma sha ɗaya? Ai gara mu tsaya ga langa.

Gimbiyar_Bukoki:
Langa ma ai tana da tata gardamar, ya saki ƙafa ko bai saki ba.

Admin_Fada:
Jama'a a dawo kan maganar Ɗan_Katako. Wanda ya turo tallar raguna na goge, akwai ranar talla.

Malam_Lissafi:
To bari in dawo da mu ta wata hanya. Alhaji Albitir yana magana kamar dokar daga sama ta sauko. Da can ta ƙasa ake mirgino ƙwallon, hannu a ƙasa. Da wasu suka fara ɗaga hannu daidai kafaɗa, sai aka ce jifa ne. A 1822 an kama John Willes a Lord's, ya yi fushi ya hau dokinsa ya tafi. A 1835 aka halatta. A 1862 aka kama Edgar Willsher sau shida don ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ya fice daga fili abokansa suka bi shi. A 1864 aka halatta wannan ma, kuma shi ne salon da kowa yake yi yau. Ke nan wanda Albitir zai kira mai gaskiya a yau, a 1860 shi ne ɓarawon.

Tsohon_Albitir:
Malam, sauya doka a fili kowa ya gani daban, sa lambar da ba mai iya gani daban. Da aka ce a ɗaga hannu sama, yaro a bakin fili ya san an ɗaga. Wa zai tsaya a fili ya ce wannan 14 ce, wannan 16? Masu tseren tafiya da ƙafa sun fi su wayo: dokarsu ta ce ƙafa kada ta bar ƙasa yadda idon mutum zai gani. Sun bar hukunci inda yake. Ni a ganina dokar da alƙali ba zai iya zartar da ita da kansa ba, ta manya ce kawai. Wasan unguwa fa? Wa zai kai yaron Harobanda Pretoria?

Na_Lahor:
A nan kam na sallama maka, Alhaji, don ni ya faru da ni. A Lahor da ƙwallon tanis muke bugawa, a naɗe ta da salatif. Ranar farko da aka ba ni, na rugo na sake ta yadda na saba jifan mangwaro, sandar tsakiya ta tashi sama. Ina murna, sai na ga kowa yana dariya, har mai shayin gefen hanya. Wani ya ce mini "caka", haka Turawa suke kiran mai jifa, kuma a wajensu zagi ne mai ciwo, kusan a ce maka ɓarawo. Ni kuwa na ɗauka cewa yake na caka masa wani abu, na shiga ba da haƙuri. Wata uku wani abokina yana ɗaura mini kwali a gwiwar hannu muna gwadawa a bayan ɗakin kwana. Na daina jifa, amma daga ranar ban sake tayar da sandar kowa ba. Shi ya sa in na tuna Ajmal nake jin tausayinsa, ni da ba da ita nake ci ba ma na ji yadda abin yake.

Sani_Dubai:
Ka ga ka tabbatar da maganar da kanka. Da jifan kake cin mutane. Shi ma haka.

Hadiza_Kine:
Alhaji Sani, ci da jifa daban, sanin kana jifa daban. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana motsi iri ɗaya ba ya jin gwiwarsa tana buɗewa. Ina da marasa lafiya da suke rantsuwa a miƙe suke tafiya, sai na ɗauke su a waya na nuna musu. Laifin na waɗanda suka gan shi yana ɗan shekara goma sha biyu suka yi shiru ne don yana ci musu wasa.

Ɗan_Zongo:
Ko kuma a halatta doosra ɗin kowa ya huta. Katakon bugu ya ƙara kauri, ana matso da iyakar fili ciki, duk don mai bugu ya ji daɗi. Mai murzawa ya ƙirƙiro dabara ɗaya an ce haram.

Tsohon_Albitir:
In an ba da 20 gobe za a nemi 25.

Ɗan_Katako:
Kai jama'a, na gode ƙwarai. Na karanta duka sau biyu. Yau da safe na ce wa maigida, Ajmal digiri 40 ne, iyaka 15. Ya zaro ido ya ce wa ya gaya mini. Da abokin nasa ya zo na ce masa amma McGrath ma yana lanƙwasawa, shi kuma ya rungume ni. Yanzu kowannensu yana ganin ni nasa ne. Sai dai har yanzu ban san abin da zan ce ba in suka tambaye ni Murali: mai jifa ne ko ba mai jifa ba ne?

Na_Lahor:
A dokar da ake aiki da ita, ba mai jifa ba ne.

Tsohon_Albitir:
A dokar da ya tarar, mai jifa ne.

Baba_Na_Adar:
Ku turo min hoton mutumen in gani da idona. Wanda ba shi da nauyi, waya ta ba ta ɗaukar manya.

Gimbiyar_Bukoki:
Baba kai da ka ce ido yana da gari 😂

Baba_Na_Adar:
Ai ni ba ni da kowa Siri Lanka, ɗiyata.

Mai_Kabu_Kabu:
Na_Lahor, in da gaske kake, ran Lahadi bayan la'asar akwai fili a bayan makarantar unguwarmu. Zan zo da ƙwallon tanis da salatif. Ɗan_Katako ya aro mana katakon maigidansa. Malam ya zo da abin auna kusurwa na ƴan makaranta.

Hadiza_Kine:
Wanda ya haura arba'in ya motsa kafaɗa tukuna kafin ya fara, ran Litinin layina ya riga ya cika.

Tsohon_Albitir:
Ni zan yi alƙalanci. Ba na son abin awon Malam.